Manhajarku Ta Kyauta Ta Zo Ba Kayan Haɗinta

Zuwa ga shugabanni da sauran 'yan sa-kai masu haɗa manhajar nan ta kyauta ta koyon jarrabawar shiga jami'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da kwamfutocinku waɗanda ba su taɓa rasa komai ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye can gefen Disina. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma malaminmu ya fi ni murnar rabuwar. In kun ga kuskure a rubutuna ku yi haƙuri, ni ma naku na zo nunawa.

'Yata Hauwa ta zauna jarrabawar bara ta faɗi. Ranar ce ta fara taɓa kwamfuta, tana laluben inda za ta danna lokaci ya ƙare. Bana na samo mata tsohuwar kwamfutar tebur a gwanjo, mai nauyin buhun gero, muna ba ta wuta da solar maƙwabcina. Sai aka ba ni labarin manhajarku, wai kun rubuta a shafinku cewa tana aiki ba intanet. Abin da ya ja ni ke nan, domin a garinmu sai ka hau tudun bayan makaranta kafin waya ta ga sabis.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Na je Azare shagon Malam Modu, wani mutumin Borno mai gyaran kwamfuta, ya sauke mini manhajar a filashi. Na dawo gida ina taƙama kamar wanda ya sayo saniya. Hauwa ta fara ɗora ta a kwamfutar, sai manhajar ta tsaya a tsakiya, ta fito da jan rubutu cewa akwai wani ɓangare da ba ta samu ba. Hauwa ta kwafi sunan, na koma Azare ran kasuwa na kawo shi. Da aka sa, shi ma ya ce yana da ƙane da ba ya tafiya sai da shi. Ƙanen ma ashe yana da nasa. Na yi jigilar dangin nan har masu acaɓa suka sa mini suna Injiniya.

Na biyu. Da na gaji, na ɗauki kwamfutar kanta a cinya a kan acaɓa har Azare, ta bar mini ciwon ƙugu da har yau nake sallah da shi. Malam Modu ya duba, ya ce ko da intanet ba za ta jawo kayan da kanta ba, tunda ba ku rubuta sunayensu a cikin ƙunshin manhajar ba. Ya yi ta cinke ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wani da ya ce irin wanda manhajarku ke so an daina ajiye shi. A nan muka tsaya, a nan muke har yanzu.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Malam Modu ya rubuta muku. Ɗaya daga cikinku ya amsa cewa a wurinsa tana aiki, ya rufe maganar. To ranka ya daɗe, dole ta yi aiki a wurinka. Kwamfutarka ta daɗe da tara kayan nan, a kanta ka gwada, ka ga lafiya lau ka sallame mu. Mai rijiya a tsakar gida ba shi ake tambaya ko gari na ƙishirwa ba. Wani kuma ya ce ai kyauta ce, wanda bai gamsu ba ya gyara da kansa. Ni da sunan ɓangaren ma sai Hauwa ta karanta mini.

Mu ma mun san kyauta, mun san aro. A garinmu in ka ara wa mutum garma, da karkiya da igiya da ƙusarta kake haɗa masa, domin sai ya isa gona bayan ruwa ya sauka zai gane abin da babu, kuma laimar ƙasa ba ta jiran kowa. Wanda ya ba da garma ƙusa na aljihunsa, ba a ce masa mai kirki. Cewa ake ya ɓata wa mutum shuka, gara ma da ya hana tun farko a nemi wani.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ku samo kwamfuta wadda ba komai a cikinta, ku cire mata intanet, ku gwada kayanku a kai kafin ku saki. Duk abin da ta nema ku zuba shi a ƙunshi ɗaya. In ba za ku iya ba, ku goge maganar nan ta aiki ba intanet daga shafinku, kada wani uban ya bi sawuna. Ku kuma buɗe ƙorafin Malam Modu ku ba shi amsar da za a yi aiki da ita.

An riga an fara rajistar bana. Hauwa na zaune gaban kwamfuta kullum da yamma, tana buga sunanta a farin shafi tana gogewa, don dai yatsunta su saba. In na dawo daga Azare kuwa, sai ta dubi hannuna.

Allah Ya saka muku a kan niyyarku, Ya shirye ku a kan aikinku, Ya sa gyaran ya iso kafin ranar jarrabawa.

Wassalam.

Naku,
Baban Hauwa, daga ƙasar Katagum.