An Koya Wa Ɗiyata Ta Ɓoye Mini Ciwonta

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi zuciyata ta cika har wuya.

Ina aure a nan cikin Katsina, ɗiyata ta fari shekararta bakwai, Ummi muke ce mata. Jikinta ba ya son gyaɗa, ko yajin ƙuli ta lasa sai borin jini ya feso mata, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Tun ranar da ta shiɗe a hannuna muna hanyar asibiti ban sake zama daidai ba, kullum faɗuwar gaba, da ta yi tari sai in zabura in yi kanta. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni kan magani. Ban da maigidana babu wanda na faɗa wa sai Yayata da muke ciki ɗaya, ita ma ke raka ni, ta rantse mini babu mai ji.

Tau kun san al'adarmu, ɗiyar fari kara ake yi a kanta, ko Mama ba ta ce mini, Anti take kirana. Hajiyarmu, wato mahaifiyata, da ke Ƙofar Guga ita ke da iko da ita, duk ƙarshen sati can take. In na yi ƙarfin hali na ce a kula da gyaɗa, sai Hajiya ta ce ji mara kunya, ita tun zamanin soja take raino ba ta taɓa ganin wanda kunu ya kashe ba. Haka nake haɗiyewa, ina cewa ai Yaya na gidan, ta san komai.

Ashe Yayar ce ta kwashe sirrina ta kai. Ta ce wa su Hajiya ƙwaƙwalwata ta taɓu, maganin mahaukata nake sha, ni na cusa wa yarinya tsoro. Suka shirya a riƙa ba ta kunun gyaɗa kaɗan-kaɗan wai jikinta ya saba, suka ja mata kunne kar ta faɗa, in na ji ciwona zai tashi.

Lahadin da ta wuce Ummi ta dawo daga gidan Hajiya da la'asar, ta shige banɗaki ta daɗe. Na tura ƙofa na same ta durƙushe tana danna jiƙaƙƙen tsumma a baki, wuyanta ya yi rudu-rudu. Da ƙyar maganar ta fito, ta ce, "Anti kar ki yi kuka, ba zafi, kar ki haukace."

Muka garzaya asibiti, Allah ya sa allurar da aka yi mata ta taimaka. Da ta farfaɗo ta ba ni labarin komai. Na kira Yaya, ko a jikinta, wai taimakona suka yi, kuma ga shi ai ba ta mutu ba. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, matar da na yi kuka a kafaɗarta!

Yanzu Hajiya ta aiko a kai Ummi hutun makaranta, maigida ya ce shi ba zai shiga tsakanina da mahaifiyata ba. In hana, in jawo fushin uwa a ce haukan ne ya motsa? Ko in kai ta in zauna jiran waya? Sannan yaya zan yi yarinyar nan ta yarda cewa in numfashinta ya sarƙe ni za ta fara kira? Don jiya ma da rana na same ta tana toshe tari da filo kar in ji.