Na Fara Gwadawa a Fuskata

Zuwa ga Ramota, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, furen da ya tsiro a Sabon Gari ƙamshinsa ya tsallako titi ya same ni a Fagge. Ina gaishe ki gaisuwar mai bege, da fatan Iya tana lafiya, gidan abinci yana cika.

Saƙonki ya iso. Wai ba za ki zo gaida Inna ranar Asabar ba, don fuskarki ta kumbura, ƙasan idonki ya yi luhu-luhu saboda hayaƙin murhu da tashin asuba. Wai sai kin shafa man nan da wata ta haɗa miki a roba, marar suna marar takarda. Haba Ramota. Farin wata yana fasa fitowa don gajimare ya gifta? Inna ta sa an wanke labule, ta gaya wa duk unguwarmu ta Kwaciri cewa ɗanta mai taurin kai ya samu wadda ta lanƙwasa shi. In kin fasa, da wace ƙafa zan shiga gidan nan?

Kin tuna ranar da kika fara zuwa shagona a kasuwar Singa sayen man gyaɗa, ruwa ya tsare ki a rumfata? Kika ce ba ki ɗauka sai an buɗe jarka kin shinshina, kina magana kina harara, ni kuwa ina ta addu'a kada ruwan ya ɗauke. Nan na san na gamu da tawa, don ni ma haka nake. Da turin baro na fara har Allah ya ba ni shago, kuma ban taɓa karɓar kaya ban fasa katan na duba ba. To yaya zan bari a sa wa fuskar da ta fi duk abin da na tara abin da ban gwada ba?

Shi ya sa ni Bahauddeen, da hulata da babbar rigata, na shiga wurin gyaran jiki na Madam Monica, can bayan Titin Ibrahim Taiwo. Wata daga matan ciki ta ja mayafi. Na ce ba amarya na kawo ba, samfur na kawo, ga fuskata a gwada komai a kanta.

Man naki na fara da shi, don na nemo mai haɗawar na karɓo irinsa. Monica ta hana, na ƙi ji, na lakata na shafa a kuncin hagu. Ramota, barkono ne. Wurin ya yi ja, yanzu har ya fara saɓa. Wannan za ki kai kusa da idon da nake ganin duniya a cikinsa? Don girman Allah ki zubar.

Sai Monica ta ce in na koma shago in ɗora ƙullin ganyen shayi a idona. Ni da nake sayar da shi katan-katan, wa zai koya mini shayi? Ban tsaya jin sauran bayani ba. Na sa mai shayi ya haɗo mai kauri, na tsamo ƙullin da zafinsa, da madararsa da sukarinsa, na manna na jingina a kujera. Gana, maƙwabcin shagona, ya yi dariya har ya zube kan buhun shinkafa, wai ƙudaje sun riga dangin amarya zuwa biki. Ashe mai sanyi ake nufi, wanda ya huce a firji, ba madara ba sukari.

Na koma da kunyata, aka yi mini na ukun, kuma shi na zaɓa miki. Za ta wanke fuskar, ta bi ta da ƙanƙara a cikin tsumma, ta yi tausa a hankali daga hanci zuwa kunne, sannan ta rufe idon da yankan kokwamba. Na tashi na ga kaina a madubi kamar ganyen zogale bayan yayyafi. Idan ya yi wa fatar ɗan kasuwa haka, ina ga taki mai laushin auduga? Na kama miki wuri ranar Juma'a bayan la'asar. Ta ce ki rage gishiri, ki ƙara matashi in za ki kwanta, in kuma kumburin ya ƙi sacewa to maganar likita ce, ni zan kai ki da kaina. Ranar da kika shigo gidana kuwa, ke da hayaƙin itace kun rabu, barci sai rana ta gaishe ki ta taga.

Amma ki ji ni da kyau, tauraruwata. Ko ya sace ko bai sace ba, ki zo. Idon da ya kumbura wajen taya uwa neman halal ba abin ɓoyewa ba ne, Inna da kanta za ta gane darajarsa. Zan tsaya a bakin layinmu da farar shadda tun kafin ki fito daga gida, kuma ba na gusawa sai na ga mayafinki ya karyo kwana.

Naki yau, naki ranar da fuskokinmu za su yamutse ba mai gyara su,
Bahauddeen.