Tsiren Baba

Birnin Kudu

Zuwa ga yayana Abdulnasir,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Gwaram. Mu ma lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Baba ya dawo. Shekaranjiya ya yi sallama gidanmu da ƙunshin tsire. Ka san Baba bai taɓa sayo mana tsire don Allah ba. Ya kawo, washegari aka fitar da keken ɗinkin Inna. Ya sake kawowa, muka wayi gari gidan ba namu ba ne. Shi ya sa har ta rasu Inna ba ta kwance ƙullin kayanmu ba. Na ƙarshe shi ne wanda muka ci muna lashe yatsu, da safe ya saɓa ƙaninmu Badaru, wai zai kai shi yaye wurin 'yar uwarsa. Har yau muna jira.

Yanzu ɗana Zulkifli yake so a ba shi, wai yaye sai gidan kaka. Maigidana Iliyasu, da yake ban taɓa ba shi labari ba, har godiya ya yi. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Munira

Birnin Kudu

Yaya Abdulnasir,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikin matarka Sa'adiyya? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na faɗa wa Iliyasu komai. Ya ɗauki ƙunshin tsiren ya mayar wa Baba. Ni na yaye ɗana da kaina, na shafa maɗaci, ya yi kukansa a bayana.

Amma Baba bai tafi ba. Kullum yana gindin darbejiyar da ke kallon ƙofarmu, har yaron ya fara miƙa masa hannu. Jiya na tsinci kaina ina ɗaure kayan Zulkifli a zane, irin ɗaurin Inna sak. Na daɗe ina kallon ƙullin, sannan na kwance shi, na jera kayan a inda suke.

Ka zo ranar Juma'a mu tsaya a gabansa tare, ya faɗa mana inda ya kai Badaru. Wannan karon ba mu ne za mu tashi ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Munira