Gwaten Ranar Waliyya Marta

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya gida, ya yara da babansu, ya kuma ƙarin haƙurinmu?

Rashin zuwana jana'izar Mama ya daɗe yana cin raina. Kullum in na taso aiki sai in biya coci a nan unguwar Longsight, a ƙasar Turawan nan, in kunna kyandir gaban Waliyya Marta da Mama ta ci sunanta, in ce ta roƙa mini sanyin zuciya.

Da ranarta ta zagayo, na bi sawun Mama. Yadda take ba Malamin unguwarmu yankan akuya don maƙwabta Musulmi su ci, haka na sayi naman halal, na dama gwaten acca, na kai food bank ɗin cocinmu, inda ake raba wa mabuƙata abinci. Layi ya ƙaru tun da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin cin abincin tsofaffi. Maƙwabciyata Hajiya Bilki ta ɗanɗana, ta ce, "Wadda ta koya miki wannan ba ta mutu ba." Na sha kuka, amma tun ranar nake samun barci.

Ki daina damuwa, na miƙe. A sa ni a addu'a, a gaida Baba. Babbar tukunyar Mama kuwa kada a ba kowa, tawa ce.

Ƙanwarki,
Talatu