Wanda Ya Ƙwanƙwasa Sau Uku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Baba fa? Tun da na taho bai karɓi wayata ba, sai dai a ce yana gaishe ni.

Ni lafiya lau. Ɗakin aikinmu akwai sanyi saboda injina, amma tarin da ya kama ni ya ragu, kada ki gaya wa Inna. Aikin dai kin san shi: daga kujerata nake shiga sabar mutane, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinsu na intanet, da makullin sirri, in gyara shafin, in tura fayil ta hanyar da ba mai leƙawa. Ko'ina ina shiga a yini, ban da gidanmu.

Jiya na duba rajistar sabar shagonmu, inda kike ɗora hotunan ɗinki. Duk wanda ya gwada shiga, rajistar nan tana rubuta shi a layi guda. Wani ya gwada shiga sau uku daga kwamfutar shago, bai san kalmar sirri ba, sai sabar ta ɗauke shi ɓarawo ta kulle ƙofa. A gurbin suna ya rubuta "auta". Ke da Inna sunana kuke kira. Mutum ɗaya ne yake ce min haka.

Na buɗe ƙofar. Ki nuna wa Baba yadda ake shiga, amma kada ki ce na gani, kin san halinsa. Ya turo komai, ko hoton keken ɗinkinsa ne.

Duk wata muke share tsohuwar rajista. Layukan nan uku kam na kwafe na ajiye.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninki