Hannu a Bayan Baba

Castellane, watan Satumba

Zuwa ga Yaya Thibault,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da Mireille da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Kanada da ke tafe. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna Colette ta warke har ta koma yi wa maƙwabta faɗa, ka san kuwa sauƙi ya samu. Zumar bana ta yi kyau, na ɓoye maka kwalba ɗaya kafin Baba ya gan ta.

Maganar keken Baba ce ta zaunar da ni rubutu, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce tunda an yi masa aikin zuciya a sayar da keken kawai. Ban ga laifinka ba, tsoro ne, ni ma da shi nake kwana. Likita ya yarje masa hawa amma a hankali, Baba kuwa bai taɓa sanin wannan kalmar ba. Da lokacin tafiyar keken da suke yi shekara-shekara shi da tsofaffin abokansa ya zo, daga Sisteron ta cikin duwatsu har kwazazzabon Verdon, sai ya yanke wa kansa hukunci: in ya sa ƙafa a ƙasa kafin ƙolin hawan ƙarshe, shi da kansa zai kai keken kasuwa, ba sai ɗansa ya aiko da umarni daga ƙetare ba. Na kwashi magungunansa na bi su.

Yaya, tsofaffin nan sun burge ni. Kawu Honoré, mai gidan burodin da, wanda suka ƙare rayuwarsu suna tsere da Baba, ya fi shi shekaru amma ƙafafunsa kamar itace. Malama Odile da ta koya mana lissafi tana nan da farin gashinta, jakar kekenta cike da cuku da zaitun, in an zo gangara kuwa ita ce a gaba, ko birki ba ta cika taɓawa. Kwana da kwanaki muna tafe, rana ta gasa mu, ruwa ya jiƙa mu, ban ji wanda ya yi ƙorafi ba sai ni. Zagin juna kam ba a magana. Da ungulaye suka fara shawagi a kanmu a bakin kwazazzabo, Kawu Honoré ya ɗaga kai ya ce wai su yi haƙuri, tsohon bai nuna ba tukuna, kuma ko ya nuna ƙashi ne zalla. Baba ya ce ai warin burodinsa suka jiyo, sun zaci mushe ne.

Ka tuna al'adarsu a wurin hawa: mai ƙarfi ya matso ya ɗora tafin hannu a bayan wanda ya gaji, ya tura shi suna tafe. Babu wanda Baba bai yi wa haka ba a garin nan, har da ni da kai muna yara. Amma shi bai taɓa yarda a yi masa ba, ya sha buge hannun mutane.

A hawan ƙarshe, inda hanya ke bin gefen dutse kogin yana can ƙasa kore shar, na ga kekensa ya fara tangaɗi. Numfashinsa nake ji daga baya. Na ga ƙafarsa ta dama tana neman barin feda, na kuwa san in ta taɓa ƙasa ba keke kaɗai zai rasa ba, mutanen nan zai rasa, ya koma zaman taga. Sai ga Kawu Honoré ya matso, ko kallonsa bai yi ba, ya ɗora masa hannu yana mitar yadda yaran yanzu ba su iya kwaɓa fulawa ba. Baba ya daka masa tsawa, wai ya cire masa wannan ƙazamin hannun, tsohon banza. Kawu ya ce wa ya ce tura shi yake yi, shi ne ya gaji yake neman abin dafawa, ko zai hana tsoho jingina ne? Ƙafar Baba ta koma kan feda.

Da Kawu ya fara haki na gaske, Malama Odile ta karɓe shi, wai ita ma jiri take ji. Daga nan ta yi min ido. Na ɗora hannuna, na ji haƙarƙarinsa a tafina, rigar sharkaf da gumi, sai hawaye suka zubo min. A kwanar ƙarshe duk muka ja baya, ya ƙarasa ƙolin shi kaɗai. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya taimako irin haka ba, sun ɗauke masa nauyi ba su taɓa masa mutunci ba.

A can sama ya zauna kan dutse ya sha maganinsa ba musu, abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana kallon kogin, sannan ya ce in na rubuta maka in faɗa maka ya san bai hau shi kaɗai ba, ba yaro ba ne. Ya ce hannaye uku ya ji a bayansa yau, amma ya yi ta jiran na huɗu, wato naka.

Ka gaishe min da Mireille, da Léonie, da ɗan autanku Bastien. Inna Colette da Kawu Honoré suna gaishe ka, Malama Odile ta ce har yanzu ba ta manta rubutunka mai kama da tafiyar kaza ba. Keken Baba ba na sayarwa ba ne. Naka ma yana rataye a rumfa, jiya na tarar da Baba yana sa wa sarƙar mai.

Ƙanwarka mai kewarka,
Solange