Shanun Baba a Bayan Waya

Inna, don Allah ki agaza min, kaina ya ɗaure. Ni 'yar makiyayi ce, ina aiki a cibiyar binciken ciyawar dabbobi. Akwai filin da muka kewaye da waya, shekara shida ko akuya ba ta sa baki a ciki ba, muna auna yadda ciyawar gamba ke farfaɗowa in an hutar da ita. Ranin nan kaɗai ya rage mu kammala, kuma makullin yana hannuna.

To, bana rani ya yi tsanani, Baba ya gangaro da shanunsa kusa da mu. Haƙarƙarinsu duk a waje, biyu har sun kwanta. Bai roƙe ni ba, da ma ya roƙa! Tsayawa kawai yake jikin waya yana kallon ciyawar, ni ina ciki da sikeli ina awon wadda muka yanka. Yayana kuwa cewa ya yi boko ya mai da ni maigadin ciyawa. In na buɗe, wahalar shekara shida ta tafi, har da ta abokan aikina. In na ƙi, da wane ido zan kalli mutumin da ya tsaya min na yi karatun? Ofis ya gagare ni zama, gida ya gagare ni zuwa. Sau uku ina isa bakin ƙofar filin ina juyowa.

Mai Sikeli

'Yata Mai Sikeli,

Kada ki buɗe. Amana ce a hannunki, kuma garke zai share filin cikin kwana uku, yunwa ta dawo inda take.

Sai dai yayanki bai yi kuskure duka ba, domin saboda shanu irin na Baba ake binciken. Ciyawar da kuke yanka, ina take zuwa bayan awo? Gobe ki sami shugabanki, ki faɗa masa gaskiya cewa shanun mahaifinki ne, ki nemi a raba ta, da ta sauran filayenku da aka gama bincike a kansu, ga duk makiyayan da ke kewaye.

Sannan ki daina gudun Baba. Ki je ki durƙusa ki yi masa bayani. Ya san ciyawa tun ba a haife ki ba. Ba zan ɓoye miki ba, mai yiwuwa a rasa saniya ɗaya ko biyu. In hakan ta faru, ya kasance kina gefensa.

Allah Ya kawo damina da wuri, Ya sanyaya zuciyarki.